Yadda ake taka tsohon garin Malaga ba tare da ƙafa ta yi yaji ba

Mu fara da takalmi. Wannan sau-ciki mai ƙyalli da ka saya don ɗaukar hoto, bar shi a otal ya huta. Tsohon garin Malaga, can gaɓar Bahar Rum a kudancin Sifaniya, an hana motoci shiga yawancin lungunansa, don haka ƙafarka ce za ta kai ka ta dawo da kai. Babban titin Larios, wanda aka buɗe a 1891, da marmara aka shimfiɗe shi, ita kuwa marmara ba ta san babban mutum ba. In aka ɗan yi yayyafi, ko ka zo bayan makon Ista lokacin da kakin kyandirorin jerin gwano ya ɗiɗɗiga a ƙasa, sai ka ga dattijo da babbar riga yana taka rawar da bai yi niyya ba. Sa kambas mai kama ƙasa, malam, ka riƙe mutuncinka.

Ka fita da sassafe, ka fara da tudu tun gwiwa tana da sauran kunya. A kansa akwai ganuwar Jibralfaro, wadda Sarki Yusuf na Ɗaya na Garnaɗa ya ƙarfafa a ƙarni na 14, kimanin mita 130 sama da teku. Hanyar tana hawa tana lanƙwasa, kuma a kowace kwana za ka rantse ka iso. Ba ka iso ba. In numfashi ya fara gardama, tsaya ka juya wajen teku ka ce kallo kake yi, ai gaskiya ka faɗa, don tashar jiragen ruwa da zagayayyen filin wasan bijimai da rufin gari duk suna shimfiɗe a ƙarƙashinka. Akwai bas mai kai mutane har ƙofa, kuma na yarda da ita ga tsofaffi da masu ciwon gwiwa. Kai da lafiyarka ƙalau, taka. In kuma bazara ce, iskar nan mai zafi da ke saukowa daga duwatsu ta kaɗo, ɗauki gorar ruwa biyu.

Da ka sauko, Alkasaba ce a gabanka, kuma nan nake so ka manta da agogo. Fada ce kuma sansanin yaƙi, sarakunan Musulmi na Andalus suka gina ta a ƙarni na 11. Ƙofofinta ba sa barin mutum ya shige kai tsaye: ka shiga, bango ya tare ka, ka karya hagu, ka sake karya dama. An yi haka ne don mahari ya rasa gudu, saboda haka kar ka zargi wayarka da ɓata maka hanya, magina ne suka yi aikinsu da kyau. Duba ginshiƙan marmara da ke riƙe da wata ƙofa, na Rumawa ne, aka ɗauko aka sake ba su aiki. Can ciki ruwa yana bin siraran hanyoyi a tsakar gida, daga wannan lambu zuwa wancan, ga ƙamshin furanni, ga inuwa. Zauna ka saurara. Mutanen da suka yi wannan aiki sun san darajar ruwa, sun san yadda ake sanyaya gida ba fanka ba lantarki. A 1487 garin ya faɗa hannun Sarki Fardinando da Sarauniya Isabela bayan ƙawanya ta watanni, aka bautar da mafi yawan mazaunansa. Ka ba su minti ɗaya na tunani kafin ka ɗaga waya.

A gindin tudun akwai dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa, mai kimanin shekara 2,000. Ya kwanta a binne har 1951, sai da ake haƙa don wani gini aka ci karo da shi. Wannan kallonsa kyauta ne daga bakin titi.

Daga nan nufi babbar cocin gari, amma kar ka yi ta zagaye kana neman hasumiya ta biyu, ka wahalar da wuyanka a banza. Babu ita. An fara ginin a 1528 a gurbin babban masallacin gari, aka tsayar da aiki a 1782, hasumiya ɗaya ta kammala, ɗayar ta tsaya a rabi, har mutanen gari suke mata laƙabi da mai hannu ɗaya. Matafiyi Ibn Baɗɗuɗa ya zo Malaga wajejen 1350, ya yabi inabinta da ɓaurenta da rummaninta, ya ambaci dogayen itatuwan lemo a farfajiyar masallacin. Bayan 'yan shekaru shi ne ya keta Sahara zuwa Mali, har ya kai Takadda a ƙasar Nijar ta yau. Har yanzu akwai itatuwan lemo a gefen cocin da kan tituna. Kar ka tsinka. Lemon ɗaci ne, in ka gatsa fuskarka za ta ba masu wucewa labari.

Mai son zane ya leƙa dandalin Merced, inda aka haifi Picasso a 1881, da gidan ajiye zane-zanensa da aka buɗe a 2003. In ka ga hanci a inda kunne ya kamata ya zauna, idonka lafiya lau.

Kafin azahar ka isa kasuwar Atarazanas, don da rana ake rufe ta, ran Lahadi kuma ba ta ci. Babbar ƙofarta ta marmara tun zamanin sarakunan Garnaɗa take, lokacin da wurin yake maƙerar jiragen ruwa, teku na zuwa har bakinta. Sayi zabibi da busasshen ɓaure da zaitun da soyayyen almon. Waɗannan cinyoyi da ke rataye jere, na alade ne, kuma naman yana ɓuya har cikin miya da soye-soye, don haka ka haddace kalma biyu, sin cerdo, wato ban da alade, ka riƙa faɗa da murmushi. Ka kuma lallashi cikinka: abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare sai 9. Wanda ya je neman tuwo ƙarfe 6 zai tarar ana goge tebur.

In rana ta yi sanyi, bi bakin teku ka yi gabas, tafiyar kamar awa ɗaya, zuwa unguwar masunta ta Pedregalejo. Can za ka ga tsohon kwale-kwale cike da yashi, wuta tana ci a kai, an tsire kifin sadin a tsinke an kakkafa gefen garwashi, tamkar mai tsire ya yi hijira zuwa bakin ruwa. Gishiri ne kawai a jikinsa, sai lemon tsami in kana so. Da hannu ake ci, cokali mai yatsu ba shi da hurumi a nan. Mutanen gari sun ce kifin ya fi kitse daga Mayu zuwa Agusta, don haka ka daidaita tafiyarka da haka, kuma tun farko ka ce a kawo tsinke biyu.