Yadda Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi Zai Hau Duwatsun Hamada a Hunturun Bana

Tun da wayoyi suka cika da hotunan mutane tsaye a ƙololuwar duwatsu, jaka a baya, sanda a hannu, sun ware hannuwa suna kallon sararin Subhana, samarin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suka shiga wani hali. Kowa ka taɓa sai ya ce shi ma bana sai ya keta hamada, ya ratsa kwazazzabai, ya hau tsauni. Sun kuma ji an ce da sanyi ake yin abin, ga shi hunturu ya kankama. Tunda an ƙi jin bari, ga 'yar shawara kada a kai ga jin hoho.

Matsalarka ta farko, malam, ita ce ƙasarku a shimfiɗe take. Daga Court Road zuwa Darmanawa, daga Daurawa zuwa Unguwa Uku, babu tudun da zai sa akuya haki. Abu mafi tsayi a yankin shi ne gadar Dangi, ita ma don motoci aka yi ta. Amma kada gwiwarka ta yi sanyi. Abin da Bature yake biyan kuɗi a koya masa, kai ka daɗe da haddace shi a hanyar masallaci da asuba. Ka tuna lungun nan da kwata ta cinye tsakiyarsa, inda kake dafa katangar maƙwabci da hannu biyu, ka kafe ƙafa ɗaya a gefe, ɗayar tana lalubar bulon da wani bawan Allah ya jefa a cikin ruwan? Ai ita ce babbar dokar masu hawan dutse: gaɓoɓi huɗu gare ka, uku su riƙe, ɗaya ta nemi wuri, kuma kada ka ɗora wa dutse nauyinka sai ka girgiza shi ka ji ya zauna. Wanda bulo ya taɓa juyewa da shi ranar Juma'a yana sanye da farar shadda ba ya bukatar a maimaita masa wannan karatu.

Hamadar ma ba sai ka je nemanta ba tukuna, da ƙafarta take zuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana tasowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura, mai yawa daga cikinta daga Bodele ta ƙasar Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, ta kawo maka har ɗaka. Ta kwanta a kan talabijin, ta kwanta a girarka, wata rana ma jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano saboda hazo. Saboda haka atisayenka na makon farko mai sauƙi ne. Ka yi wanka da ruwan da ya kwana a waje. Ka fito bayan sallar asuba, ka taka daga gida zuwa kasuwar Tarauni ka dawo, kuma ka wuce teburin mai shayi ba tare da ka zauna ba. A nan ne akasarin mayaƙanmu suke faɗuwa. Ƙamshin wainar ƙwai ya dawo da masu niyyar hawan dutse gida fiye da yadda kowace guguwa ta taɓa yi.

Sai kaya. Ka nufi 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, amma kada ka sayi jibgegiyar rigar nan guda ɗaya da aka ɗinka don masu zama cikin ƙanƙara. Riguna marasa nauyi biyu ko uku sun fi ta, domin da asuba kana rawar ɗari, da hantsi kana gumi, sai ka riƙa cirewa kana mayarwa. Gumin da ya jiƙa riga, iska ta buge shi, shi yake kwantar da mutum. Babbar riga ta zauna a gida, hula ƙube ma haka, don iskar tsauni ba ta san darajar aikin hannu ba. Silifas kuwa ko a mafarki. Ka sami kambas mai kaushin ƙasa, ka yi mako biyu kana yawo da shi, domin sabon takalmi a kan dutse ƙafar mai shi yake fara ci. Ka riƙe man kaɗanya saboda leɓe da faso. Ka koyi naɗa rawani da amawali irin na Abzinawa, wanda yake tare ƙura da rana da sanyi a lokaci guda. Kada ka ji kunyar aron abin mutane, domin baƙin turkuɗin da suke ji da shi a Kura ake rina shi, nan kusa da kai. Za ka so ka biya Fam Santa ka sayi abin ajiye caji. Saya, sanyi yana shanye batir. Sai dai ka sani inda za ka babu sabis, wayar fitila ce kawai da abin ɗaukar hoto.

Tsauni mafi wuyar hawa a duk tafiyar yana tsakar gidanku, a kan tabarma, da carbi a hannu. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce, "Hajiya, dama so nake na je hawan dutse."

"Dutse kuma? Me ka ajiye a can?"

"Ba komai, Hajiya, motsa jiki ne."

"Au, jiki kake son motsawa? Ga jarkoki can shida a zaure, yau kwana biyu mai ruwa bai leƙo ba."

Kada ka yi musu. Ɗauki jarkokin, atisaye ne, kowace cikakkiya kilo 25 ce. Idan kana da iyali, uwargida ba za ta hana ka ba. Za ta dai ce, "Allah ya tsare, maigida. Ka bar mana kuɗin cefanen wata biyu, kuma ka nuna min inda takardar filin nan take." Ka amsa da fara'a. Cikin raha ta koya maka doka ta biyu: ba a shiga daji sai an bar wa wani bayanin inda aka nufa, da wanda aka tafi da shi, da ranar dawowa.

In ka sami izini, ka tari a-daidaita-sahu zuwa Dala. Tsayin Dutsen Dala mita 534 ne daga saman teku, Goron Dutse kuma 517. Wannan lissafi shi za ka riƙa faɗa a majalisa. Abin da ba za ka faɗa ba shi ne garin Kano kansa yana zaune a kan kimanin mita 480, wato abin da ka hau da ƙafarka bai fi hamsin da 'yan kai ba, kuma akwai matakala. Duk da haka za ka yi haki, yaran unguwa kuma za su wuce ka a guje ba takalmi, wani ma da farantin talla a ka. Ka yi kamar kana duba tarihi. Akwai shi kuwa: tun wajen ƙarni na 7 ake narka tama a wurin, kuma littafin tarihin Kano ya ce Barbushe, mai kula da Tsumburbura, ba ya saukowa daga dutsen sai kwana biyu a shekara. Masana suna cewa sha'anin tsafi ne. Ni dai ina zargin ya lissafa wahalar komawa sama ne.

A Dala za ka gane saukowa ta fi hawa haɗari. Gwiwa ta gaji, ido yana kan gida, tsakuwar marmara tana gangarewa a ƙarƙashin takalmi. Inda wuri ya yi tsaye, ka juyo ka fuskanci dutsen, ko ka zauna ka ja gindi. Babu wanda ya taɓa karaya saboda an yi masa dariya. Daga nan ka ƙara gaba kaɗan: Kufena a Zariya, ko duwatsun Birnin Kudu ta hanyar Wudil, inda mutanen zamanin da suka bar zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Irin waɗannan duwatsu sulɓi gare su, kuma bayansu yana ɓarewa kamar albasa, sai ka kama abin da ka ɗauka dutse ne ya biyo hannunka.

To, yanzu maganar manya. Hamada mai duwatsu da kwazazzabai ta gaskiya, mafi kusa da kai, tana ƙasar Abzin. Ka bi ta Daura ka ƙetare a Kwangwalam, ka kwana Damagaram, ka miƙe ta Tanut, kimanin kilomita 450 kafin ka ga hasumiyar masallacin Agadas, mai mita 27, ginin laka tun 1515 da aka sabunta a 1844. Ba baƙon wuri za ka ba, unguwar Agadasawa tana nan cikin birni tana ba da shaida, kuma da Hausa za ka yi ciniki. Arewa da garin duwatsun suke farawa. A can Bagzan yake, tsauni mai faɗin kai wanda har ƙauyuka da lambuna ke samansa, kuma ƙololuwarsa mai mita 2,022 ita ce wuri mafi tsayi a duk Nijar. A can Timiya take, inda za ka fito daga baƙaƙen duwatsu ka faɗa cikin lambunan lemo da rumman da dabino, ga ruwa yana zubowa daga kwazazzabo cikin wani tafki. Kada ka ce za ka yi nutso. Kai da ka sha fama da bokiti ɗaya a gida.

Sanyin can ba irin na Kano ba ne. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, busasshiyar iska kuma ba ta riƙe ɗumin rana, don haka a saman Bagzan ruwan buta yana iya wayar gari da ƙanƙara. A lokacin ne za ka tuna da babin taimama da ka yi gyangyaɗi ranar da malam yake karantar da shi. Kada ka shimfiɗa bargo a tsakiyar busasshiyar korama don yashinta ya yi laushi. Da dare sanyi can yake gangarawa ya taru, da damina kuwa ruwan da aka yi a wani dutse mai nisa yakan taho ta nan ba sallama. Kada ka shigar da gawayi cikin tanti ka rufe, hayaƙinsa marar wari yana kisa a hamada yadda yake yi a ɗakunanmu duk hunturu. Da safe ka zazzage takalmi kafin ka zura ƙafa, kunama ma ɗumi take nema.

Babban makircin sanyi shi ne yana ɓoye ƙishirwa. Iska tana tsotse ruwan jikinka kana numfashi, kai kuwa ba ka ji. Ka ƙaddara lita 4 a rana ko fiye, wato ledar fiya-wata 8, kuma ka dawo da ledojinka, kada ka kai wa mutane al'adar unguwa. Idan fitsari ya yi ja, kai ya fara sarawa, ka riga ka makara da sha.

Kada kuma ka tafi kai kaɗai, ko da ka fi kowa karatu. A watan Yulin 1850 wani Bajamushe masani, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya ga dutsen Idinen kusa da Gat ta ƙasar Libiya ta yau. Mutanen wurin suka ce masa gidan aljanu ne, a bar shi. Ya ce shi fa sai ya hau, ya tafi shi kaɗai cikin tsakiyar zafi. Ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, har ta kai ya tsaga hannunsa yana tsotsar jininsa. Wani Ba'abzine ne ya bi sawu ya tsinto shi rai a hannun Allah. Bayan nan ya yi hankali, ya bi ayari, ya shiga Agadas a Oktoba, ya iso Kano lafiya a Fabrairun 1851. Ko aljanu ne ko ƙishirwa, mutanen gari dai sun faɗa masa gaskiya.

Idan ka haɗu da ayarin gishiri, ka rage fankama. Da sanyin nan suke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar kusan kilomita 600 daga Agadas, su kai gero su ɗauko kantu da dabino. Madugu yana gaba yana karanta taurari da kwanciyar rairayi, ana tafe tun safe har dare, abincin rana furar gero da cuku da dabino, shayi ma a kan tafiya ake dafa shi. Babu mai ɗaukar kansa hoto. Kada ka ce musu kai don nishaɗi ka zo, za su tausaya wa iyayenka. A hanyar nan ce aka taɓa yin wata bishiya ƙwaya ɗaya tal, babu wata a kewayenta sai an yi doguwar tafiya, amma a 1973 wani direban babbar mota ya same ta ya buge. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. Ka ba direban a-daidaita-sahun unguwarku wannan labari, zai ji daɗin cewa ba a kansa aka fara ba.

Wani abu guda ba na raha ba ne. Arewacin Nijar ya sha tawaye a shekarun 1990 da kuma daga 2007 zuwa 2009, an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi, kuma har yau akwai 'yan fashi da masu ɗauke da makamai. Ba a fita daga Agadas zuwa duwatsu sai da sanin hukuma, da ɗan jagora ɗan ƙasa, wani lokaci da rakiyar soja. Ka tafi da takardunka cikakku, ka canji sefa, ka tambayi halin da hanya take ciki a makon da za ka tashi, ba labarin bara ba. Idan aka ce kada a je, ka juyo, Dala ba ta gudu ba.

Idan kuwa hanya ta yi kyau ka dage sai ka je, ka biya ɗan jagora haƙƙinsa ba tare da tayin Kantin Kwari ba, domin shi ya san inda rijiya take. Kuma ka tattara ka dawo kafin Afrilu. Daga nan zafin Agadas haura digiri 40 yake yi.