Taitireshin: Yadda Ake Yin Sa, Da Yadda Wani Ya Yi Shi

Aji shida, a tsarin karatun Ingila, shekara biyu ne da ɗalibi ke yi kafin shiga jami'a, yawanci daga shekara 16 zuwa 18, inda yake tsayawa kan darussa uku ko huɗu ya rubuta jarrabawar A-Level, wadda aka fara a 1951. Nijeriya ta gaji wannan tsari da sunan HSC, har tsarin 6-3-3-4 ya zo ya ture shi. Abin da ya fi kama da shi a Arewa yanzu shi ne IJMB, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita. Kemistirin wannan mataki kashi uku ne: na lissafin zafi da saurin haɗuwar sinadarai, da na ƙarafa da gishirai, da na dangin kabon. Akwai kuma aikin hannu a lab, inda hadda ba ta ceton kowa.

Babban aikin lab shi ne taitireshin, wato gano ƙarfin wani ruwan sinadari ta hanyar haɗa shi da wani da aka riga aka san ƙarfinsa. Mafi yawa asid ne ake ɗiga wa bes har su kashe kaifin juna. Littafin da Bajamushe Karl Friedrich Mohr ya wallafa a 1855 na cikin waɗanda suka daidaita hanyar, kuma har yau ba ta canza sosai ba. Ɗalibin da za a riƙa misali da shi a nan ba za a faɗi sunansa ba. Ya isa a ce marubucin wannan bayani ya san shi ciki da bai, kuma katin zaɓensu ɗaya ne.

Mataki na farko shi ne auna bes, wato ruwan da aka narkar da garin sodiyam kabonet da aka bayar a ciki. Ana zuƙo santimita kubik 25 da wani siririn bututun gilashi mai suna fifet, a juye a kwalba mai faɗin gindi. Ƙa'ida ita ce a zuƙa da robar da aka yi don haka. A makarantar da ake magana roba ɗaya ce, tana kuma kulle a durowa don kada ta lalace, saboda haka da baki ake ja. Ɗalibin ya ja da ƙarfin da bai dace ba, bakin bututun ya fita daga ruwan, iska ta shiga, sodiyam kabonet ya haura har maƙoshi. Sinadarin nan ɗan'uwan kanwa ne, domin shi ne babban abin da ke cikinta, kuma ɗalibin yana iya ba da shaidar hakan a gaban kowane alƙali. Dattijon da ke kula da lab bai ko tashi daga kujerarsa ba. Ya ce, "Yaro, je ka kurkure. Idan ka ƙoshi ka bar wa na baya."

Na biyu, cika buret da asid. Buret dogon bututu ne mai cin santimita kubik 50, da ɗan famfo a ƙasa. Ana rufe famfon kafin a zuba. Wannan jimla ba ta cikin yawancin littattafai, don marubutansu sun ɗauka kowa ya sani. Ɗalibin ya daɗe yana zubawa ta sama yana mamakin zurfin buret ɗinsa, sai da ya ji sanyi a yatsun ƙafa.

Daga nan sai manuni, ɗigo biyu ko uku na metil orenj. Shi ne ke sanar da ƙarshen aiki: a cikin bes rawaya ne, a cikin asid ja, tsakaninsu kuma akwai ruwan lemo, wanda shi ake nema. Matan da ke dafa zoɓo sun san irin wannan ilimi, don sun ga yadda kanwa ke duhunta shi, lemon tsami kuma ya ƙara masa ja. Wahalar ita ce ɗigo ɗaya na buret, kusan santimita kubik 0.05 ke nan, ya isa ya tsallake da mutum daga rawaya zuwa ja. Don haka hannun hagu ke riƙe famfo, na dama yana kaɗa kwalba, ido kuma ba ya barin ruwan. Ɗalibin ya ɗaga kai sau ɗaya tak, don wani ya tambaye shi aron biro. Da ya dawo da ido, kwalba ta yi jawur.

Abin da littafi ya ce a yi a nan shi ne a zubar a sake. Ɗalibin ya yi nazari ya ga cewa tunda asid ne ya yi yawa, ɗan ƙarin bes zai gyara. Ya faki idon malam ya tsiyaya kaɗan daga kwalbar ajiya, ruwa ya koma rawaya. Ya buɗe famfo, ya sake zarcewa. Ya ƙara bes. Garin gyaran gira aka rasa ido: buret ya ƙare ƙaf, kwalba ta kusa cika, ruwa na nan rawaya abinsa. Malam ya zo ya tsaya a bayansa, ya dubi kwalbar, ya tambaye shi ko kunu yake damawa na sadaka. Ya ce, "Malam, ina dab da kaiwa." Malam ya ce Allah Ya kai shi lafiya.

Ana buƙatar sakamako aƙalla biyu da bambancinsu bai wuce santimita kubik 0.10 ba, sannan a ɗauki matsakaicinsu. Lokaci ya ƙure, sai ɗalibin ya ari na maƙwabcinsa, ya ɗan sassauya lambobin ƙarshe don kada su yi kama da yawa. Wannan dabara daɗaɗɗiya ce, kuma malaman kemistiri sun san ta, tunda su ma sun yi aji shida.

Mataki na ƙarshe lissafi ne. Ana nemo adadin mol na asid da aka kashe, a raba biyu, domin mol biyu na asid haidirokulorik ke cinye mol ɗaya na sodiyam kabonet, sannan a ninka da 106, nauyin mol ɗinsa, a gano yawan sinadari na gaskiya a cikin garin da aka bayar. Wanda ya manta rabawar nan, amsarsa za ta ninka. Ɗalibin ya gano cewa garin nasa tsarkakakke ne da kashi 160 cikin 100, ya ja layi biyu a ƙarƙashi da rula. Da takarda ta dawo, malam ya ba shi maki ɗaya na tsabtar rubutu, ya kuma rubuta da jan biro cewa ya zo ofis da sauran kashi sittin ɗin, hukumar makaranta na buƙata.