Gida Namu, Yoyo na Gwamnati

Mu 'yan kwatas ba sai gidan rediyo ya gaya mana damina ta kusa ba. Da ka ga Goggo ta gidan kwana ta fito da tsofaffin bokitai tana ɗauraya, ka ga yara suna yawo da gwangwanin kwalta, ka ji ana cigiyar wanda ya ari tsanin masallaci bai mayar ba, to hadari ya fara haɗowa ta gabas. Sauran mutanen Gombe in sun ga hadari sai su ce Allah ya ba mu damina mai albarka. Mu ma muna cewa amin, amma idonmu na kan silin.

Kowane gida da tsarinsa. Ni na san inda baho ke zama, na san wurin daro, na san inda kofin silba ma ya wadatar. A ɗakin yara sai an ja katifa taku biyu zuwa kudu. Wani dare cikin watan Agusta ina barci uwargida ta taɓa ni ta ce, "Malam, bokitin tsakiya ya canja murya, tashi ka zubar." Ko fitila ba ta kunna ba, da kunne ta auna. Waɗanda suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ina zaton a layinmu suka taɓa zama.

Ku da kuke haya a Jekadafari ko Pantami ko Bolari, ku gode wa Allah, mai gidanku mutum ne. Yana da ƙofa, yana da masallacin da yake sallah, yana da surukin da yake jin kunya. In ya ƙi gyara, ka tare shi bayan sallar asuba, ko ka kai shi gaban mai unguwa. Mu namu mai gidan ba a gamuwa da shi a ɗaurin aure, ba a ganinsa a jana'iza. Ba ya zuwa karɓar haya balle ka ja hannunsa ka nuna masa bango. Tun kafin albashi ya iso hannunka ya riga ya yanki rabonsa. Mai gidan da ba ya mantuwa ranar karɓa, ba ya tunawa ranar gyara, shi ne namu.

Kuma ba da mugun nufi aka fara ba. Tun 1973 aka kafa hukumar gidaje ta tarayya. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, ya ɗauki alkawarin gina gidaje dubu biyu a kowace jiha duk shekara domin masu ƙaramin ƙarfi, shi ya sa har yau garuruwa da yawa suke da unguwar da ake kira Lokos ko gidajen Shagari. Mu nan Gombe muna da Fedaral Lokos da Sitet Lokos. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke mana jiha daga Bauchi, ma'aikata suka kwaso iyali da tukwane suka dawo garin da bai shirya musu masauki ba. Manya sun tuna yadda darakta guda yake raɓawa a ɗakin ƙanensa. Daga baya aka samu irin su Shongo da Orji da kwatas-kwatas na Tumfure. A lokacin, wanda aka miƙa wa makullin gidan gwamnati har walima yake yi. Ba wanda ya tambaya, in kwano ya tsufa wa zai sauya? Ana murnar amarya, wa ke zancen ranar da za ta yi furfura?

To ga furfurar ta zo. Kwano ya yi tsatsa, gara ta cinye katakon rufi, sokawe ta cika tana tumbatsa, bango ya tsage har ƙadangaru sun daina neman izini. Garin namu kuma kun san shi: a kwari yake zaune, ƙasarsa yashi, ruwa in ya gangaro daga tudun Akko ba ya tambayar gidan wa zai bi. Wanda ya ga ambaliyar 2004 ba ya wasa da hadarin Agusta.

Yaya muke neman gyara? Nan ne abin dariyar yake. Mutum zai yi wanka, ya sa babbar riga, ya fesa turare, ya tafi ofis shi kaɗai kamar mai zuwa neman aure. Ya gaida masinja, ya gaida akawu, ya tambayi lafiyar iyali da ta dabbobi. In an shigar da shi wurin oga sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, dama wata 'yar matsala ce, a taimaka mana." 'Yar matsala! Alhali jiya da laima matarsa ta yi tuwo. Oga ya ce, "Ba komai, Alhaji, za a duba." Shi ke nan, ya dawo majalisa yana cewa ai ya ga oga da kansa, har hannu suka yi. Ba takarda, ba kwanan wata, ba shaida. Wata uku oga ya samu canjin wurin aiki, alkawari ya bi shi a bayan mota.

Ni na ɗan fi su wayo, a ganina. Na rubuta takarda, na kai wani ofishi da ba zan kira sunansa ba. Zuwa na farko aka ce oga yana mitin. Na biyu aka ce fayil ya hau sama. Na uku aka ce ya sauko amma mai makullin kabad ya tafi ta'aziyya. Na huɗu aka ce babu shi a kasafin bana, in dawo baɗi. Da na dawo baɗin, wani saurayi ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Baba, kana da kwafin takardar?" Ba ni da shi. Guda ɗaya na rubuta, na miƙa, na yi godiya, na fito. Shekara guda ina bin sawun takardar da ba ni da shaidar na taɓa rubutawa.

Ranar da na ba da labarin nan a majalisarmu ta gindin darbejiya, kowa ya zazzage nasa. Ana cikin tsine wa fayil da kabad, sai Baffa, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, ya gyara zama ya ce, "Ku tsaya, yara. Gidan nan na waye?"

Muka ce na gwamnati.

Ya ce, "To, kai Hamma, shagon da ka fasa katanga ka fitar, wa ka tambaya?"

Hamma ya ce, "Haba Baffa, mutum da gidansa?"

Majalisa ta fashe da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya tuna nasa. Gaskiya Baffa ya taɓo mu. In za a ƙara ɗaki don an yi sabuwar amarya, gida namu ne. In za a gina akurkin kaji a kan bututun ruwa, ko a ɗaure ragunan layya a baranda, ko a sa ɗan haya a ɗakin baya ana karɓar kuɗi duk wata, gida namu ne. Amma kusa ɗaya ta fita daga kwano, nan take gida ya koma na gwamnati. Mu ne muka ɗora banɗaki biyu a kan sokawen da aka haƙa wa mutum biyar, yanzu mu goma sha bakwai ne, muna mamakin cikarta. Mu ne muke juye shara da ledar fiyawota a lambatu, ruwa ya rasa hanya ya kwanta a gindin bango, sannan mu ce tun asali ɗan kwangila ne ya ha'inci siminti. Wataƙila ya ha'inta ɗin. Amma ledar ba shi ya zuba ba.

Akwai ma waɗanda suka fi mu. Tun daga 2003, da gwamnatin Obasanjo ta koma biyan ma'aikaci kuɗin gida cikin albashi a maimakon ba shi gida, aka yi ta sayar da gidajen gwamnati ga mazauna cikinsu, jihohi da dama kuma suka bi sahu. Ina da maƙwabci a layin baya da ya gama biyan nasa tuntuni, takardar mallaka tana ƙarƙashin katifarsa cikin leda, don ita ma katifar ruwa na taɓa ta. Har yau in ka ce masa, "Alhaji, ba za ka sauya kwanon nan ba?" sai ya ce yana jiran gwamnati. Mai gida yana jiran mai gida.

Kada a ce na wanke hukuma. Ban wanke ta ba. Wanda yake yankar haya daga albashin mutum duk wata, rufi da bango da sokawe da wayar wuta suna wuyansa, ba alfarma ba ce. Kuma yoyo ba abin dariya ba ne har ƙarshe. Adda, ma'aikaciyar jinya da ke ƙarshen layinmu, ita ta yanke mana raha wata rana da labarin Ingila. A garin Rochdale, cikin Disamba 2020, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu saboda funfunar da danshi ya haifar a bangon gidan da suke haya, irin gidajen nan na masu ƙaramin ƙarfi. Mahaifinsa ya daɗe yana kai kuka ba a gyara ba. Da bincike ya tabbatar da musabbabin rasuwar, sai aka yi doka da sunan yaron, wadda ta fara aiki a Oktoba 2025: in matsalar ta gaggawa ce, awa 24 aka ba mai gida. Adda ta ce, "Ku kuna ƙirga bokiti, ni ina ƙirga yaran da ake kawo mana da tari da sarƙewar numfashi duk damina. Ku leƙa bayan kabad ɗinku ku ga baƙin da ke bango." Ranar ba wanda ya ƙara shayi.

Abin da ya ɗaure min kai a labarin shi ne, can ma sai da aka yi ta bin sawu. 

Baffa ne ya ce a gwada hanyar makaranta. Ya sa kowane gida ya ɗauki hoton ɓarnarsa da waya. Ya fito da takardun albashinsa na shekaru, ɗaure da kyauro, kowacce da layin da aka cire haya. Aka rubuta takarda ɗaya, ba "a taimaka" a cikinta, sai lambar gida, abin da ya lalace, da ranar da ya fara. Gida goma sha ɗaya suka sa hannu, mai unguwa ya shaida. Aka yi kwafi uku. Muka tafi mu shida, har da Goggo da Adda, kuma Baffa ya ƙi ɗaga ƙafa sai da aka buga mana hatimin karɓa da kwanan wata a namu kwafin. A ƙasan takardar ya rubuta cewa an aika kwafi ga ƙungiyar ƙwadago da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, take da ofishi a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo a kai mata kuka. Yawancinmu ranar muka fara jin sunanta, mu da muke taƙama da sanin ofis.

Ba zan yi muku ƙarya in ce an sauya mana kwano gaba ɗaya ba. Amma bayan sati biyar an turo mutum biyu da tef da littafi suka zagaya, an kwashe sokawe, an sauya katako da kwano a gidaje huɗu da suka fi muni. Nawa ba ya ciki, bahona yana nan a bakin aikinsa. Sai dai abin da babbar riga da turare suka kasa cikin shekaru, takarda mai hatimi ta fara shi cikin sati biyar. Dama an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu ne muka ɗauka zancen bukka ake yi.

Sauran gidaje bakwai kuma Baffa ya ce duk ranar ɗaya ga wata za a koma da kwafin nan, a gaishe su, a tuna musu. Ya kuma kafa mana sharaɗi: ba wanda zai bi tawaga sai ya yashe lambatun ƙofar gidansa, don kada a je neman haƙƙi da laifi a aljihu. Hamma ya yi gunaguni, amma ya yashe.

Saboda haka, 'yan'uwa na Lokos da Tumfure da duk inda ake kwana ƙarƙashin kwanon hukuma, kada ku jira hadari ya haɗo. Tun da rani ku ɗauki hoto, ku rubuta, ku sa hannu tare, ku karɓi hatimi, ku ajiye kwafi inda ruwa ba ya ɗiga. Wanda kuma ya ari tsanin masallaci, don Allah ya dawo da shi kafin Juma'a.