Hutawa a Kan Dutse

Wani malami ɗan Mazanya, wanda ya ƙetare iyakar Jibiya ya kama koyarwa a Maraɗi, har dangi suna alfahari cewa yana ƙasar waje alhali kuwa tuwon gida yakan iske shi da ɗuminsa, ya ba mu labarin yadda abokan aikinsa suka yi ittifaƙi a tafi Agadas da hutu domin hawan duwatsun Bagzan.

Ya ce, “Malamai, akuyar wani ce ta ɓace a can, ko kuwa yaƙi ne ya taso?” Domin a saninsa magabata ba su hawan dutse sai da uzuri. Suka ce a'a, hutawa ce kawai. Subhanallahi!

Ya hau, ya huta ƙwarai. Har yanzu a zaune yake salla.