Baƙonmu Ba Ya Barin Kolon Bai Ga Koko Ba

Mu Hausawan da ke zaune tsakanin Kolon da Bonn a Jamus muna da wata al'ada da babu wanda ya zauna ya tsara mana ita. Baƙo ya sauka, ko ɗalibi ne, ko surukar wani da ta zo jego, ko ɗan kasuwa mai neman injina, to kafin ya koma sai an kai shi gidan tarihin cakulan na bakin kogin Rhine. Mun daɗe da garin nan, tun sashen Hausa na DW yana Kolon kafin a mayar da tashar Bonn a 2003. In aka ce za a fita da baƙo, ba a doguwar shawara. A sa wa yara rigunan sanyi, a bi gaɓar ruwa daga babbar majami'a, tafiyar ƙafa ce kaɗan.

Hans Imhoff, mai kamfanin cakulan na Stollwerck a lokacin, shi ya buɗe gidan a 1993. Yara dai ba ruwansu da wannan. Su burinsu maɓuɓɓugar nan mai tsayin mita 3, wadda narkakken cakulan kilo 200 ke kwarara a cikinta, ma'aikaciya na tsoma siririn biskit tana miƙa wa duk wanda ya zo. Iyaye mata kuwa sai sun ja burki tukuna: "Yaya, tambayar mana ita, babu giya a ciki ko?" Haka muke a kantin gidan ma, kowane kwali sai an juya bayansa an karanta, don akwai alewar da ake ɗura wa barasa. Wanda ya iya Jamusanci ranar ba shi da hutu.

Amma inda hira ke daɗi shi ne ɗakin gilashin da aka raini itatuwan koko. Kana shiga zafi da laima su rufe ka, tabarau ya yi hazo. Nan 'yan uwanmu na zangon Kumasi ke karɓe ragama. "Alhaji, matso ka gani, a jikin kututture yake 'ya'ya, ba a bakin reshe ba." Sai bayani ya ɓalle: yadda ake fasa kwanson da adda, a kwashe ƙwayoyin da farin yauƙinsu, a lulluɓe da ganyen ayaba kwana biyar ko shida su ruɓa daidai, sannan a baza a rana ana juyawa da hannu. Bakano ya tsaya yana gyaɗa kai, don shi goro ya sani, sai a ce masa ai dangi ɗaya suke, kuma a gonakin Asante kusa da juna suke tsirowa, ƙasar da kakanninmu suka yi ta fatauci suna ɗauko goro. Ni a ganina wannan ɗakin ya kamata a fara kai baƙo, ya ga itacen kafin ya ɗanɗana zaƙin.

Daga nan ne gardama ke tashi, kuma ba ta mutuwa sai a jirgin ƙasa. Wani ya tuna cewa a 1879 Tetteh Quarshie ya shuka koko a Mampong ta Gana da irin da ya zo da shi daga tsibirin Fernando Po, a shekarar da Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro injin da ke murza cakulan ya yi laushi a Suwizalan. Yau Gana da Kwaddibuwa ke noma wajen rabin kokon duniya, amma ɗan abin da ke isa hannun manomi bai taka kara ya karya ba. Wannan yana ci mana rai ƙwarai. Dattawa su ce sai an sarrafa a gida, matasa su ce ina wutar da injin zai sha, mata su ce a fara biyan manomin tukuna.

Duk da haka sai an yi tsaraba, don ba a komawa gida hannu rabbana. Waɗanda suka saba sukan ba da shawarar baƙin cakulan, ya fi mai madara jure zafi. "Hajiya, ki sa a jakar hannu. In kin sauka Kano kada ki bari a jefa shi but ɗin mota, kafin ki kai Kurna ya zama kunu."