Ragon Setaris Faribus

A gidanmu har yau in aka ambaci Babbar Sallar 2023, sai kowa ya juyo ya kalle ni, ni kuwa in kalli silin. Laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai hannun wani Bature mai suna Alfred Marshall a ciki. Amma tunda shi ya mutu tun 1924, ni aka samu a kusa.

Shekarar ina aji ɗaya a jami'a, sashen tattalin arziki. Yajin aikin wata takwas na 2022 ya riga ya hautsina kalanda, shi ya sa watan Yuni ya riske mu a tsakiyar zangon farko. Kwas ɗin da ya fara ɗaure mini kai, daga baya ya kumbura shi, shi ne ECO 101, wanda malaminmu, Dakta, ke kira maikuro-ikonomiks. Ya ce akwai babban tattalin arziki mai kula da lamarin ƙasa baki ɗaya, akwai kuma ƙaramin, namu, mai bin diddigin mutum ɗaya da aljihunsa, ko ɗan kasuwa ɗaya da rumfarsa. Tushen ilimin kuwa, in ji wani Lionel Robbins a 1932, shi ne buƙatun ɗan Adam suna da yawa, abin biyansu kaɗan ne, dole a zaɓa. Na duba ɗakin lacca. Mun fi ɗari huɗu, wasu a tsaye a taga, fanka uku, biyu sun yi ritaya. Na ce wannan kam ko ba a zo daga Landan an faɗa mana ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne zanen almakashi. Layi ɗaya ya gangaro, shi ne buƙata: kaya in sun yi tsada, masu saye su ja baya. Ɗaya ya haura, shi ne wadata: in farashi ya yi kyau, masu kaya su yi ta kawowa. Inda suka haɗu, nan farashi ke zama. Marshall ne ya yayata zanen a littafinsa na 1890, shi ya kuma kawo misalin almakashin, wai ba a tambayar wane baki ne ya yanka takarda, na sama ko na ƙasa. Sai dai kowace doka Dakta ya faɗa, sai ya rufe ta da kalmomi biyu na Latin, setaris faribus, wato muddin sauran abubuwa suka tsaya cik yadda suke. Ni na ɗauka amin ce ta masana tattalin arziki, a faɗe ta, a shafa, a wuce.

Ranar wata Laraba aka koya mana dokar raguwar daɗi: lomar farko ta fi ta biyu gamsarwa, ta biyu ta fi ta uku, har a kai inda ƙari ke zama azaba. Abokin ɗakina, wani Bazazzagi mai gardamar tsiya, ya ce dokar ba ta aiki a kan Bakano in ba shi zai biya ba. Na ce mu je a gwada, da kuɗinsa. Washegari da safe muka nufi wurin Iya mai ɗanwake da biro da takarda, don abin ya zama bincike.

Kwanon farko, da mai da yaji da ƙwai, na ba shi maki ashirin. Na biyu sha biyar. Na uku na ba shi takwas, shi ma don ganin idon Iya. A na huɗu na fara jin kanwa tana yi mini magana. Da na kai na biyar Iya ta riƙe matsaminta ta ce, "Ɗan nan, jinya kake shiryawa ko gasa?" Na rubuta sifili, na sha ruwa leda biyu, wanda duk mai cin ɗanwake ya san kuskure ne. Na ce bari in ɗan kishingiɗa kafin laccar ƙarfe goma. Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni. Da na ari littafin Bazazzagin in kwafi abin da aka yi, na ga shafi biyu cike da zanen almakashi da 'yan kibiyoyi suna nuna dama da hagu. Na ce ado ne, na tsallake.

Haka na dawo gida hutun Sallah da rabin ilimi da cikakken ƙarfin hali.

Al'adar Baba ita ce ya sayi ragonsa tun saura mako biyu, a hannun dillali ɗaya da suka shekara ashirin tare, a ɗaure shi a ƙofar gida yara su yi ta ɗura masa dusa da harawa, maƙwabta su yi ta wucewa suna "tubarkalla". A waccan shekarar ya ga wani farin Balami mai kunnuwa kamar faifai, an sallama masa naira 120,000, ya ce zai koma da kuɗi gobe. Na durƙusa.

"Baba, da za a ɗan saurara da sayen nan."

"A saurara har yaushe?"

"Har jajibere da yamma, ranka ya daɗe."

Na zazzage masa karatu. Masu ragunan nan daga nesa suke kwaso su, daga Maigatari da Mai'aduwa da Illela, wasu ma daga cikin Nijar. Kullum sai sun ciyar da su, kuma ba mai son komawa gida da rago bayan Sallah. Saboda haka da yammacin jajibere buƙata za ta kwanta, kaya su yi yawa, farashi ya rusuna da kansa. Ga kuɗin dusar mako biyu mun tsira da shi. Na ƙara da cewa tun 1776 Adam Smith ya yi bayanin hannun da ba a gani, wanda ke daidaita kasuwa.

"Hannun da ba a gani?" in ji Baba. "A'uzu billahi. Wannan a jami'ar ake koya muku?"

Daga madafa Umma ta ɗaga murya, "Alhaji, ka je ka sayi ragonka." Baba ya yi shiru yana kallona, irin kallon mutumin da ya biya kuɗin makaranta yana son ya ga abin da suka haifa. Can ya ce, "To, bari mu ga aikin boko."

Ranar Talata, 27 ga Yuni, bayan la'asar muka isa kara. Tun daga bakin titi gabana ya faɗi. Mutane sun fi dabbobi yawa. Kowane turke mutum biyar sun kewaye shi, wannan yana taɓa ƙugu, wancan yana buɗe haƙori. Dillalin Baba ya taso yana share gumi da hula.

"Alhaji, ina ka shiga? Balaminka tun shekaranjiya wani ya ɗauka a 150."

Ya nuna mana wani ɗan Yankasa da bai kai rabin wancan ba, ya ce 170,000. Baba ya taya 110. "Albarka," in ji mai ragon, ko ɗago kai bai yi ba.

A nan ne na ga ya kamata ilimi ya sa baki. Na tsuguna, na sami tsinke, na zana almakashin Marshall a ƙasa, na fara nuna wa dillali inda farashi ya kamata ya kasance a daidai wannan sa'a. Mutane suka taru, wani yana tambaya ko duba ake yi. Dillalin ya saurare ni har na gama, don mutumin kirki ne, sannan ya ce:

"Malam ɗalibi, tun ranar 29 ga Mayu da aka cire tallafi, litar da muke sha ƙasa da 200 ta haura 500. Kuɗin mota ya ninka, mai kawo ɗari ya kawo hamsin. Jiya albashi ya shiga, duk ma'aikatan garin nan ga su nan. Sauran kuma masu wayo ne irinka, kowa ya ce sai jajibere. A ina ka zana waɗannan?"

Ban zana su ba. Su ne 'yan kibiyoyin nan. Laccar da ɗanwake ya cinye ita ce wadda aka koyar da cewa layukan da kansu suna tashi su koma gefe: tsadar mai ta ja wadata hagu, albashi ya tura buƙata dama, mahaɗarsu ta haye sama ta bar ni a tsugune. Setaris faribus ashe gargaɗi ne. Ina cikin wannan tunani ɗan Yankasan ya matso, ya buɗe ƙafa, ya yi fitsari a kan mahaɗar daidai.

Gab da magariba muka sallama wa ƙaddara, muka sayi bunsuru. Layya dai ta halatta da shi, ba gurgu ba ne, ba mai ido ɗaya ba, amma warinsa ya riga shi isa ko'ina. Mai adaidaita sahu ya ce sai an ƙara masa ɗari biyar saboda fasinjan da zai rasa bayanmu. A zangon gaba na koyi cewa wannan ma yana da suna a littafi, cutarwar da ke faɗa wa wanda ba ya cikin ciniki. Maƙwabta dai ba su jira littafi ba, suka rufe tagoginsu. Ba wanda ya ce tubarkalla.

Abin haushin, washegarin Sallah farashi ya faɗi warwas. Tunda ana yanka har rana ta uku, wani maƙwabcinmu ya je ya jawo rago sukutum a 90,000. Na ruga cikin gida da murna.

"Baba, ka gani? Lissafina daidai ne, kwana biyu kawai na kuskure!"

Yana zaune a tabarma yana fama da wata tsoka da ta ƙi taunuwa tun ɗazu. Ya cire ta, ya duba ta, ya mayar.

"To, je ka gaya wa bunsurun."

Da jarrabawa ta zo, tambaya ta biyu cewa ta yi a bambance tafiya a kan layi da tashin layin kansa, tare da misali. Na cika shafi uku, har da fitsarin. Na sami B. Na kai wa Baba takardar, ya riƙe ta nesa da ido ya ce madalla, Setaris, wanda shi ne sunana a gidan yanzu, har jikoki sun ɗauka.

Da Sallah ta sake zagayowa, tun saura kwana ashirin ya tafi kara da ƙanena ɗan aji shida na firamare, wai shi ne mai ba da shawara. Ni ma an tafi da ni. Ni na riƙe igiya.