Ɗan Dala a Dutsen Kamaru

Duk wanda ya san ni a unguwarmu ya san ba na wasa da gudu. Ana sallame sallar asuba nake ɗaura takalmi, in haye Dala a guje, in sauko mai koko ba ta gama damu ba. Saboda haka da harkar albasa ta kai ni Duwala, na leƙa Buea gaida Kawu, na tarar ana ta zancen tseren hawan Dutsen Kamaru da za a yi a watan Fabrairu, sai na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Kawu ya shekara da shekaru yana sana'ar tsire a garin. Ko ɗago kai bai yi daga yankan nama ba, ya ce, "Wane dutse ka ce kana hawa?" Na ce Dala. Ya ce, "To, ɗana, Allah ya ba da sa'a." Ranar hazo ya lulluɓe dutsen gaba ɗaya, ko ƙeyarsa ban gani ba, kuma har gobe ina ganin da gangan ya ɓuya.

Tun 1973 ake wannan tsere. A tashi daga filin wasa na Molyko, a ratsa gari, a shiga kurmi, a taɓo ƙololuwa mai tsayin sama da mita 4,000, a dawo inda aka fara. Tafiyar kusan kilomita 38 ce, gwanaye na gama ta a ƙasa da awa biyar, masu yawon buɗe ido kuwa sai sun kwana a hanya. Kawu ya ce kafin in zuba kuɗin rajista in fara ɗanɗana hanyar tukuna, ya haɗa ni da wani mai cinikinsa, ɗan ƙabilar Bakweri, jagoran masu hawa. Na fito da takalmin da na zaɓo a gwanjon Ƙofar Wambai, mai soso a ƙasa da igiya ruwan ɗorawa. Shi kuwa ya zo da takalmin roba. Sai da na ji tausayinsa.

A kan kwalta na nuna masa ko ni wane ne. Buea ta taɓa zama hedikwatar Jamusawa tun 1901, yana ƙoƙarin nuna mini tsohon gidan gwamnansu, ni kuwa na yi gaba. Muna shiga kurmi labari ya sha bamban. Saiwoyi a ko'ina, ƙasa da santsi, hanya kuma ta ƙi kwanciya ko da taku goma. Wata dattijuwa ɗauke da kwandon gwaza a baya ta yi mini sannu ta wuce. Wasu 'yan mata masu atisaye suka yi mini sannu suka wuce. Kafin mu kai bukkar hutawa ta ɗaya na sha sannu fiye da wadda na sha lokacin da aka cire mini haƙori.

A nan jagora ya ga ya dace ya ƙarfafa mini gwiwa. Ya ba ni labarin Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, wadda ta ci tseren mata sau bakwai har aka yi mata laƙabi da Sarauniyar Dutse. Ya ƙara da cewa a 'yan shekarun nan samarin Fulani daga yankin Arewa maso Yamma ma sun ɗauki kofin. "Ka ga, Alhaji, 'yan'uwanka na yi." Na ce masa waɗannan tun suna yara suke bin shanu a kan tsaunuka, ni kuwa Adaidaita Sahu na taso ina bi.

Bayan bukkar kurmi ya ƙare, sai ciyawa da baƙin dutse, narkakken aman wuta da ya daskare. Hanya ta miƙe tsaye, har hannu ya shiga aikin ƙafa. Iska ta yi sanyi ta kuma yi ƙaranci, ka ja numfashi cike da baki, ƙirji ya ce bai ga komai ba. Akwai wata bishiya ƙwaya ɗaya can sama da jagora ya ce idan mun kai ta, bukka ta biyu ta kusa. Na yi ta hawa, bishiyar na ta ja da baya. Da na lura damuwa ta fara bayyana a fuskar bawan Allah nan, don in sauƙaƙa masa sai na ce mu juya.

Ashe saukowa ita ce sana'ar. Tsakuwar aman wuta ba ta da nauyi, cike take da ƙananan ramuka, ga kaifi, ga ta ba ta da amana: ka taka ta, ta tafi da kai. Jagora ya ce in sa dunduniya, in saki jiki, kada in taka birki. Ya nuna mini, yana tsalle daga dutse zuwa dutse, takalmin robarsa na manne wa ƙasa. Na sa dunduniya, na saki jiki. Soson takalmina na dama ya yi sallama da ni a take, na zauna daɓas, daga nan na gangaro kamar buhun albasa da ya suɓuce daga tirela. Na wuce jagora, na wuce 'yan matan da suka riga suka juyo, kuma a gaskiya wannan ne kaɗai lokacin da na wuce wani a kan dutsen nan. Wani curin ciyawa ne ya tare ni. Na miƙe, sai na ji iska na shiga ta inda ba a saba ba.

Jagora ya iso, ya duba ni sama da ƙasa, ya ce in zazzage aljihuna. Wai a wurin Bakweri dutsen yana da mai shi, Efasa Moto, rabinsa mutum rabinsa dutse, yana barin baƙo ya ci abin da ya samu a sama amma ba ya son a sauko da komai. Na ce a'uzubillahi, ni Musulmi ne. Ya ce haka ne, amma a 1999 dutsen ya yi aman da ya gangara har ya tare titi a wajen Bakingili, ya kuma sake yi a 2000. Ban yarda da zancensa ba ko kaɗan. Na dai zazzage aljihu biyu, da safa, da abin da ya rage na wando, don tsakuwa ba ta da amfani a gida.

Ɗan acaɓa ne ya ƙarasa da ni, rigar sanyin jagora ɗaure a ƙuguna. Sallar la'asar a zaune na yi ta, a kan gefe guda.

Ranar tsere ina rumfar Kawu ina yanka masa albasa, ina yi wa masu sayen tsire bayanin inda 'yan gudun ke kuskure wajen saukowa. Wani ya ji zurfin ilimina, ya tambaya ko na taɓa hawa. Kawu ya ce ƙwarai kuwa. Mutumin ya ce har ina na kai. Kawu ya barbaɗa yaji, ya naɗe tsiren a takarda, ya miƙa masa, ya ce, "Har inda wandonsa ya ƙare."